Fina-finan Birtaniya masu zaman kansu sun cancanci fili a shafin nishaɗi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wani ɓangare na harkar fina-finai da na lura ba a cika waiwayarsa ba a shafukan nishaɗi, wato fina-finan da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu ke shiryawa a Birtaniya, musamman na masu aikata laifi, da masu ban tsoro, da kuma na rikicin iyali a cikin gida.

Duk lokacin da aka ce fim ɗin Birtaniya, abin da ke fara faɗo wa yawancin masu karatu a rai shi ne James Bond ko Harry Potter. Gaskiya ne an ɗauki waɗannan a manyan ɗakunan ɗaukar fim na Pinewood da Leavesden da ke kusa da Landan, kuma akasarin 'yan wasan da ma'aikatan 'yan ƙasar ne, amma kuɗin da aka zuba da ribar da aka kwasa galibi na manyan kamfanonin Amurka ne, irin su MGM da Warner Bros. Wanda ya tsaya a kansu kaɗai zai ɗauka ƙasar ba ta da komai sai fadoji da motocin alfarma da maza sanye da kwat. Akwai wata Birtaniyar ta dabam, ta rukunin gidajen da ƙananan hukumomi suka gina wa masu ƙaramin ƙarfi, da garuruwan arewacin Ingila da aka rufe masana'antunsu da ramukan haƙar kwal, da ofisoshin neman tallafin gwamnati, kuma ba a ganinta sosai sai a fina-finan da aka yi da ƙaramin jari.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, waɗannan nau'o'i uku da masu sayar da fim suke rarrabawa a kan kanta dabam-dabam, idan an duba su da kyau a hannun waɗannan daraktoci, labari ɗaya suke bayarwa, kuma labarin na gida ne. Ɗan fashin yana da ƙane, wanda aljani ke bi yana da mata, kuma masifar da ta afka musu kusan kullum ta wata ɓaraka ce da ke cikin iyalin tun kafin a fara fim. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kyamarar waɗannan mutane a kan tsagar take tsayawa, ba a kan ƙadangaren ba.

Dalilin haka bai rasa nasaba da aljihu. Wanda ba shi da kuɗin tarwatsa gada ko kifar da jirgin sama dole ya shigar da kyamararsa falo da kicin da cikin mota, inda mutum biyu ko uku za su fuskanci juna, kuma a irin wannan ƙuntataccen wuri babu abin da zai riƙe mai kallo sai magana da fuska. Tarihin yadda aka kai ga wannan hali ma abin dubawa ne. A 1946 an sayar da tikitin sinima sama da biliyan 1.6 a Birtaniya, amma zuwa 1984 adadin ya faɗo zuwa miliyan 54, saboda talabijin da kaset ɗin bidiyo sun zaunar da mutane a gida. A 1985 gwamnatin Margaret Thatcher ta soke harajin Eady, wanda a da ake cirewa daga kuɗin tikiti a mayar wa masu shirya fim na cikin gida. Abin da ya ceci ƙananan masu shiryawa a lokacin shi ne tashar talabijin ta Channel 4, wadda aka buɗe a 1982 kuma ta fara zuba kuɗi a fina-finai, sannan daga baya sashen fim na BBC ya bi sahu. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 kuma aka fara ware wani kaso daga kuɗin cacar ƙasa domin tallafa wa fim, kuɗin da a yanzu Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, BFI, wadda aka kafa tun 1933, ke rabawa. Na san batun caca ba zai yi wa masu karatu da yawa daɗin ji ba, amma haka tsarin nasu yake, kuma bai kamata a ɓoye shi ba idan ana bayanin inda jarin ke fitowa.

Bari in fara da na masu laifi, domin su ne suka fi saurin ɗaukar hankalin matasa. Fim ɗin Get Carter na 1971, wanda Michael Caine ya fito a ciki, ana yawan kiransa uban wannan layi, ko da yake da kuɗin MGM aka yi shi, saboda haka ba za a ce cikakken mai zaman kansa ba ne. Abin lura a cikinsa shi ne, ɗan dabar da ya baro Landan ya koma Newcastle ba kuɗi ya je nema ba, jana'izar ɗan'uwansa ya je, kuma duk jinin da aka zubar daga baya a kan wannan mutuwa ne da kuma abin da aka yi wa 'yar da mamacin ya bari. Bayan shekara 33 Shane Meadows ya yi Dead Man's Shoes a yankin Matlock da ke Derbyshire, da ɗan ƙaramin jari, inda wani soja ya dawo garinsu domin ya ɗauki fansar wulaƙancin da wasu 'yan ƙwaya suka yi wa ƙanensa mai taɓin fahimta. 'Yan dabar wannan fim ba su da wani kwarjini, ƙananan mashaya ne da ke cunkusuwa su shida a cikin wata tsohuwar ƙaramar mota, kuma idan mai kallo ya yi haƙuri zuwa ƙarshe zai gane cewa abin da ke cin sojan ba ƙiyayyar waɗannan mutane kaɗai ba ce, har da kunyar cewa shi da kansa ya tafi ya bar yaron ba mai kula da shi. A ganina wannan ya fi duk wani harbe-harbe tayar da hankali.

Akwai kuma The Long Good Friday na 1980, wanda ya sha wahala kafin ya fito, har sai da kamfanin HandMade na mawaƙi George Harrison ya saye shi ya sake shi a sinima. Bob Hoskins ya fito a matsayin uban dabar Landan da ke son ya rikiɗe ya zama attajirin gine-gine a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta gabashin birnin, tun kafin a mayar da yankin cibiyar bankuna kamar yadda yake a yau. A ƙarshen fim ɗin an ajiye kyamara a kan fuskarsa yana zaune a bayan mota, bakin bindiga na kallonsa, ba ya cewa uffan, mai kallo yana ganin fushi ya zo ya wuce, sannan lissafi, sannan saduda. Ba a kashe ko kwabo na a zo a gani a wannan fitowa ba, amma har gobe ita ake tunawa.

Ba zan ɓoye ba, wannan layi yana da nasa tarkacen, kuma yana da yawa. Tun bayan da Lock, Stock and Two Smoking Barrels na Guy Ritchie ya yi kasuwa a 1998, aka yi ta fitar da kwaikwayonsa barkatai, fina-finan da ba su da komai sai ashar da duka da maza masu ƙaton wuya suna alfahari da gidan yari, yawancinsu ko sinima ba sa zuwa, kai tsaye ake zuba su a faifai. Waɗannan suna ƙawata laifi ne kawai, kuma idan jaridarka za ta yi sharhi a kan fannin, ya kamata ta iya bambance su da waɗanda ke nuna abin da laifi ke yi wa uwa da ƙane, irin Bullet Boy na 2004 da aka ɗauka a unguwar Hackney, inda bindigar da yaya ya ɓoye a ɗaki ta faɗa hannun ƙaramin ƙanensa. Muhawarar ba ta ƙare ba ko a can. A Nuwamban 2019, bayan wata tarzoma a wani gidan sinima a Birmingham, kamfanin Vue ya janye Blue Story, fim ɗin da ke magana a kan rikicin 'yan unguwa a kudancin Landan, sannan ya mayar da shi bayan 'yan kwanaki da aka yi ta sukar matakin, domin mutane da dama sun ga cewa fim ɗin gargaɗi yake yi a kan daba, ba tallarta ba.

Na cikin gida kuwa, a nan ne nake ganin Birtaniya ta fi kowa ƙwarewa, kuma mutum biyu ne suka daɗe suna jan ragamar. Ken Loach ya fara tun shekarun 1960, kuma Kes da ya yi a 1969 a garin Barnsley, labarin yaron da gida da makaranta suka yi watsi da shi ya sami abin ƙauna a wajen wani shaho da yake horarwa, har yanzu ana sa shi a sahun gaba. A 2016, yana da shekara kusan 80, ya lashe babbar kyautar bikin Cannes na Faransa karo na biyu da I, Daniel Blake. Labarin wani kafinta ne a Newcastle da ciwon zuciya ya kayar, likitansa ya hana shi aiki, amma masu tantance tallafin gwamnati suka ce lafiyarsa ƙalau, sai ya shiga tsaka mai wuya tsakanin takardu da layin waya da kwamfutar da bai iya sarrafawa ba. Akwai wata fitowa da ba na jin wanda ya gan ta zai manta. Wata matashiyar uwa mai 'ya'ya biyu, wadda ta daɗe tana hana cikinta domin yaran su ci, ta je wurin da ake raba abincin agaji, tana cikin karɓa sai ta juya baya ta fasa gwangwanin wake ta fara ɗiba da hannu tana turawa a baki, sannan ta farga da idon mutane ta fashe da kuka saboda kunya. Babu kiɗa, babu kusanto da kyamara, an bar ta can nesa kaɗan kamar yadda mai mutunci zai kawar da kai. An tattauna wannan fim har a majalisar dokokin ƙasar.

Mike Leigh kuma hanyarsa dabam ce, domin ba ya zuwa da rubutaccen labari. Yakan tara 'yan wasa su shafe watanni suna gina halayen mutanen da za su fito a matsayinsu, kowa bai san sirrin ɗan'uwansa ba sai ranar da ya kamata ya sani, daga nan ne labarin ke fitowa. Da wannan salo ya yi Secrets & Lies, wanda ya ci kyautar Cannes a 1996. Wata baƙar fata mai aikin gwajin ido, wadda aka ba da ita riƙo tun tana jaririya, ta bi takardu ta gano cewa mahaifiyarta farar fata ce ma'aikaciyar masana'anta. Sun haɗu a wani shagon shan shayi, suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar kyamara, aka bar ta tana ɗauka na mintuna da dama ba yankewa. Uwar ta dage cewa kuskure aka yi a ofis, tana ba da haƙuri cikin ladabi, sai can wani abu da ta binne shekaru da yawa ya faɗo mata, fuskarta ta sauya, kofin ya gagare ta riƙewa. Wanda ya san nauyin asiri a cikin zuri'a ba ya bukatar a fassara masa wannan wuri.

Wasu na sukar irin waɗannan fina-finai da cewa talaucin wasu ake kai wa masu hali su kalla a bukukuwa su tafa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya, tun da yawancin masu shiga harkar fim a can ba daga waɗannan unguwanni suka fito ba. Sai dai akwai waɗanda suka fito daga cikinsu. Andrea Arnold ta tashi a irin waɗannan gidaje a Dartford, kuma yarinyar da ta ja fim ɗinta Fish Tank na 2009 ba 'yar wasa ba ce, a tashar jirgin ƙasa ta Tilbury aka gan ta tana cacar baki da saurayinta aka kira ta gwaji.

Fina-finan ban tsoro kuwa sun daɗe a kasuwa. Kamfanin Hammer, wanda ya yi aiki a wani tsohon gida a Bray a bakin kogin Thames, ya yi suna a duniya tun 1957 da 1958 da labaran Frankenstein da Dracula masu launi, inda Peter Cushing da Christopher Lee suka yi tashe. Waɗannan na gidajen sarauta ne da maƙabartu, kuma ba su ne damuwata ba a yau. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda tsoron ya baro can ya dawo cikin mutane, tun daga The Wicker Man na 1973, inda ɗan sanda mai riƙo da addininsa ya je wani tsibiri a Sikotland neman yarinyar da ta ɓace ya tarar da gari guda yana masa murmushi yana masa ƙarya. Kill List na Ben Wheatley, na 2011, shi ne ya fi fito da abin da nake faɗa fili, domin ya haɗa nau'o'in uku a jere. Ya fara da miji da mata suna rigima a kan kuɗin cefane saboda mijin, tsohon soja, ya yi watanni ba aiki, aka gayyaci aboki cin abinci liyafar ta watse da faɗa. Daga nan mijin ya karɓi kwangilar kisa domin ya rufa wa gidansa asiri, kuma kafin a ankara labarin ya zarce cikin daji wurin wata ƙungiyar asiri. Fim ne mai tsananin muni a wasu wurare, ba zan ba kowa shawarar kallonsa ba, amma gininsa darasi ne.

Wanda zan fi so a yi wa masu karatu sharhinsa shi ne His House na 2020, fim ɗin farko na Remi Weekes, wanda ya ba shi kyautar sabon darakta ta BAFTA, babban bikin karrama fina-finai na Birtaniya. Miji da mata ne 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, Sope Dirisu da Wunmi Mosaku suka fito a matsayinsu, sun tsallake teku a kwalekwale, yarinyar da ke tare da su ta nutse a hanya. Hukuma ta ba su wani ruɓaɓɓen gida a bayan gari tare da sharuɗɗa: ba za su yi aiki ba, ba za su sauya gida ba, za su riƙa kai kansu ana duba su, kuma duk wanda ya saɓa za a iya mayar da shi inda ya fito. To sai ga shi da dare ana motsi a cikin bango. A sauran fina-finan gidan aljanu mai kallo yakan tambayi kansa me ya hana mutanen nan tattara kayansu su gudu, amma a nan dokar shige da fice ce da kanta ta kulle su da abin da ke binsu. Mijin ya sayi irin tufafin mutanen gari, ya dage sai an ci abinci da cokali mai yatsu an yi Turanci a gida, matar kuwa ta ƙi, tana zaune a ƙasa tana sauraron abin da muryoyin ke cewa, domin ta san bashi suka biyo. Da aka bayyana ainihin yadda yarinyar ta shigo hannunsu, sai tsoron aljani ya zama ƙarami a kan abin da mutum ke iya aikatawa domin ya tsira da ransa. A shekarar ce kuma, lokacin kullen korona, Rob Savage ya yi Host, wanda bai kai awa guda ba, 'yan wasan suna gidajensu suna ɗaukar kansu ta manhajar Zoom.

Dole in yi magana a kan tarbiyya, domin na san ita ce tambayar farko da iyaye za su yi. Da yawa daga cikin waɗannan fina-finai akwai ashar da shaye-shaye da zubar da jini, wasu har da tsiraici, kuma ba na yara ba ne ko kaɗan. Su kansu mutanen Birtaniya ba su sake su haka nan ba. Hukumar tace fina-finansu, BBFC, wadda aka kafa a 1912, tana sa wa kowane fim alamar shekaru, daga U da PG zuwa 12A da 15 da 18, tare da taƙaitaccen bayanin abin da ya sa. Bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a farkon shekarun 1980 a kan kaset-kaset na ban tsoro da ke shiga hannun yara, majalisa ta yi dokar 1984 da ta wajabta tace bidiyon da ake sayarwa ko bayarwa haya. Kill List na 'yan 18 ne, I, Daniel Blake kuma na 'yan 15. Duk sharhin da za a buga ya kamata ya zo da wannan alama a samansa, domin a yau da waya ake kallo, kuma mai sauke fim daga intanet ba ya ganin kwalin da aka manna ta.

Halin da masu wannan sana'a ke ciki a yanzu ba mai daɗi ba ne. Manyan kamfanonin Amurka da masu haska fim ta intanet sun cika ɗakunan ɗaukar fim na ƙasar, sun ɗauke ƙwararrun ma'aikata da albashin da ƙaramin furodusa ba zai iya biya ba, kasuwar faifai da a da take mayar da jari ta mutu, gidajen sinima kuma sun fi son abin da zai cika kujeru a makon farko. Wannan ne ya sa a kasafin kuɗin Maris na 2024 gwamnati ta sanar da rangwamen haraji na musamman ga fina-finan da jarinsu bai wuce fam miliyan 15 ba, kashi 53 cikin ɗari a takarda, wanda idan an cire haraji yakan tsaya kusa da kashi 40. Ko wannan zai wadatar, ni ina da shakka, domin rangwame yana taimakon wanda ya riga ya haɗa jari ne, kuma bai magance matsalar inda za a haska fim ɗin bayan an gama shi ba.

Saboda haka roƙona gare ka, ya Edita, shi ne a riƙa ware ko da rabin shafi ne lokaci-lokaci domin sharhin ɗaya daga cikin irin waɗannan fina-finai, a faɗi shekarar da aka yi shi, da garin da aka ɗauke shi, da wanda ya ba da kuɗin, da alamar shekarun da aka sa masa, sannan mai sharhin ya faɗi ra'ayinsa ba tare da tsoron cewa fim ɗin ya ci kyauta a Turai ba. Wanda zai ɗauki wannan aiki ba zai rasa inda zai fara ba, domin tun 1998 ake gudanar da bikin karrama fina-finai masu zaman kansu na Birtaniya, BIFA, galibi a ƙarshen shekara, kuma jerin waɗanda aka zaɓa a bikin yana fitowa a fili. Idan kuma an ba ni zaɓi, da His House za a fara.

Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar shafin nishaɗi na wannan jarida